KAYAN SHAYIN MATAFIYI

Da muka komo daga gwajin koyarwa, Edita ya tare ni a bakin ɗakin cin abinci, ya ce lalle in rubuta wa mujallarmu abin da na koyo a ƙauye, domin amfanin ƙannenmu waɗanda za su fita baɗi. Na san abokaina za su rubuta a kan shirin darasi, da horon yara, da yadda a ke tsayuwa gaban allo. Sun fi ni sanin waɗannan. Ni dai zan yi magana a kan butar shayi da murhunta, gama a nan ne na sha wuya, a nan ne kuma na sami ɗan abin da zan iya ba wani. Wanda ya ga abin ya yi ƙanƙanta ga mujallar kwaleji, ina roƙonsa ya yi haƙuri, ya bari sai ran da aka sauke shi a gindin dutse da kaya a ka, sa'an nan mu sake magana.

Ni mutumin ƙasar Numan ne, bakin kogin Binuwai, inda zafi ya kan hana mutum barci a watan Afril. Da aka liƙa takardar rabon makarantu a watan Satumba na 2023, sai na ga sunana a ƙarƙashin wata makarantar firamare a bisa tsaunin Mambila, a Jihar Taraba. Duk wanda na tambaya labarin wurin, abu ɗaya ya ke gaya mini, watau sanyi. Waɗansu suka ce da safe hazo ya kan rufe gari har ba ka ganin ɗakin maƙwabcinka. To, ni kuwa tun ina makarantar mishan aka saba mini da shayin safe, in ban sha ba kaina ba ya zama daidai har azahar. Saboda haka na ƙudura a raina, ko me zan bari a baya, ba zan bar kayan shayi ba.

Na tafi gida na roƙi mahaifiyata ta ba ni rishon kakana. Wannan risho yana da tarihi a gidanmu. Kakana ya yi aikin kuku wajen Turawan mishan 'yan ƙasar Denmak, waɗanda suka fara zama Numan a 1913, kuma da maigidansa zai koma ƙasarsu ya bar masa shi kyauta. Na tagulla ne, an zana sunan Primus a jikin tankinsa. Wani maƙeri mai suna Frans Lindqvist ne ya ƙago irinsa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1892. Ba shi da lagwani. Sai a zuba ɗan sifirit a wani ɗan kasko da ke ƙarƙashin kansa, a kunna, a jira kan ya yi zafi. Sa'an nan a buga famfo, iska ta tura kananzir sama, zafin nan ya mai da shi tururi, ya fito ta wani rami ƙanƙane kamar kafar allura, ya gauraya da iska, ya kama ci da shuɗiyar wuta, ba hayaƙi, yana ruri kamar jirgin sama. Irinsa ne Roald Amundsen ya ɗauka sa'ad da ya kai ƙarshen duniya na kudu a 1911, irinsa ne kuma su Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka dafa ruwa da shi a hawan dutsen Everest a 1953.

Na ce a raina, abin da ya hau Everest, ina Mambila za ta gagare shi? Ashe na manta da rabin labarin kakana. Ya sha gaya mana cewa in Baturen nan zai fita rangadi, 'yan alaro ne, watau masu ɗaukar kaya, su ke jeruwa a bayansa, kuma akwatin kayan abinci da shayi kaɗai yana da mutum guda. Ni kuwa ni ne Baturen, ni ne kukun, ni ne kuma ɗan alaron.

Ban tsaya nan ba. Na sayi galan na kananzir mai lita 4, ko da ya ke kuɗinsa ya kusa cinye guzurina, da kwalbar sifirit, da babbar butar ƙarfe mai cin lita 2, da fulas mai gilashi a ciki, da kofin tangaran guda ɗaya da farantinsa, irin wanda na ga manyan malamai su ke sha da shi. Gaskiya ita ce, ba shayin kaɗai na ke so ba, ina so mutanen ƙauye su gani su san malami ya zo. Ran da zan tashi, ina jiran mota a ƙofar kwaleji, sai tsohon nan Buzu mai gadin shagunan da ke tsallaken hanya, wanda dukanmu mu ke ce wa Baba, ya zo ya tsaya bisa kayana, ya dube su ɗaya ɗaya. Ya ce, "Malam, raƙumi nawa ka ɗauka haya?" Na yi dariya, na ce, "Baba, ai zamanin mota ne." Bai ƙara ko kalma ba, ya koma inuwarsa.

Daga Jalingo mota ta bi ta Bali da Serti, ta kai Mayo Selbe, nan hanya ta fara hawa tana nannaɗe kamar maciji, har kunnuwana suka toshe. Muka wuce Maisamari, aka sauke ni a wata kasuwa, na hau acaɓa. Damina ba ta ƙare ba tukuna, hanya kuwa jan laka ce mai santsi. Sau biyu muna faɗuwa. A faɗuwa ta biyu na ji wani ƙas a cikin jaka, ban kula ba. Da muka kai bakin wani rafi, ɗan acaɓa ya ce iyakarsa ke nan, ya nuna mini rufin makaranta can bisa tudu, ya juya. Tafiyar da yaran wurin su ke yi a minti arba'in, ni sai da na yi awa biyu, ina hutawa a kowace kwana, igiyar jaka tana yankan kafaɗata.

Da dare na kwance kaya a ɗakin da aka ba ni. Murfin galan ya kwance, kananzir ya shiga sukari, ya shiga garin kwaki, ya jiƙa littafin shirin darasina tun daga bango har tsakiya. Na girgiza fulas, na ji yana kacau kacau kamar caki. Ko sau ɗaya ban zuba masa ruwa ba. Bayan makonni uku da malaminmu ya zo duba ni, ya buɗe littafin nan, ya sunsuna, ya ce, "Malam, wannan darasi naka kada a kai shi kusa da ashana." Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Fasasshen fulas ɗin dai bai tafi a banza ba, gama da shi na koyar da darasin zafi a aji biyar. Na nuna musu yadda kwalbar ciki ta ke da bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, saboda haka zafi ba shi da abin da zai bi ya fita. An kuma shafa mata wani abu mai walƙiya, shi ya kan mai da zafin ciki kamar yadda madubi ya ke mai da haske. Wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, James Dewar, shi ya ƙago ta a 1892, ba kuwa don shayi ba, don ya adana iskar da ya sanyaya har ta zama ruwa. Jamusawa ne suka mai da ita kayan kasuwa a 1904 da sunan Thermos. A 1913 wani Ba'amurke, William Stanley, ya yi ta da ƙarfe zalla. Da na san haka tun a kasuwar Jalingo, da na ƙarfe na saya, gama shi ko ya faɗi lanƙwasa kaɗai zai yi.

Risho kam ya yi aikinsa, ban da abin da zan zarge shi da shi. Amma wani abu ya dame ni: ruwa ya tafasa sarai, na sa shayi yadda na saba, ya fito lami. Na zargi ganye, na zargi ruwan rafi, sai daga baya na tuna da abin da aka koya mana a ajin kimiyya. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in ka yi sama nauyin iska yana raguwa, sai ruwa ya tafasa tun bai kai haka ba. Kowace mita 300 ta kan rage wajen digiri ɗaya. Tsaunin Mambila kuwa tsayinsa wajen mita 1,600 ne, watau ruwana yana tafasa a wajen digiri 95. Baƙin shayi yana son ruwa mai zafi ƙwarai. Maganin abin ba wuya: a ɗauraye buta da ruwan zafi tukuna, a rufe ta, a ƙara wa ganye minti ɗaya ko biyu. Ganyen ma ashe ba sai na ɗauko daga nesa ba, gama a Kakara, nan bisa tsaunin, a ke noman shayin nan na Highland.

Kafin wata ɗaya ragowar kananzir ta ƙare, ba mai sayar da shi a ƙauyen, 'yar allurar da a ke share ramin wuta da ita kuma ta karye. Rishon da ya hau Everest ya koma abin rataya a ƙusa. Daga nan kullum da asuba sai in ɗauki buta in tsaya a ƙofar madafin matar mai masaukina, in ce, "Mama, ko da sauran wuta?" Ba ta taɓa ɓata fuska ba, amma ni na san itacen nan a ka ta ke ɗauko shi daga nesa.

Yanzu na zo ga abin da ya fi ba ni kunya, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Kofina ɗaya ne. Sukari kuma ya yi mini kaɗan. Saboda haka in na haɗa shayi sai in shiga ɗaki in tura ƙofa, don kada wani ya yi sallama in rasa yadda zan yi da shi. Ban ɗauki wannan a bakin kome ba. Ran nan ina wucewa ta bayan aji, na ji wani yaro yana kwaikwayona, ya riƙe gwangwani da yatsa biyu, yana waige waige, yana kurɓa, sauran suna dariya. Da na bincika, sai hedimasta ya gaya mini, cikin ladabi, cewa a gari sunana Malam Mai Rufe Ƙofa. Ya ce, "Malam, koyarwarka ba laifi. Amma wata uku ke nan, ban ga uban yaro ko ɗaya ya zauna a tabarmarka ba." A lokacin kuwa yara tara daga cikin talatin da huɗu na ajina ba su zuwa sai sun ga dama, na aika wa iyayensu takarda har sau biyu, ba wanda ya amsa. Na ɗauka taurin kai ne.

Da hutun Kirsimati na biyo ta kwaleji, na je na gai da Baba. Na same shi a inuwarsa yana dafa shayi. Na ce, "Baba, na zo ne ka koya mini abin da na ƙi ji." Ya matsa mini a buzunsa. Sai a ran nan na dubi kayansa da idon basira, ko da ya ke shekara biyu ina wuce su kullum. Akwai 'yar buta shuɗiya wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba. Akwai ɗan kurfoti da aka saƙa da waya, shi mangal ya ke ce masa, iska tana shigarsa ta ko'ina, gawayi cikin tafin hannu ɗaya ya ishe shi. Akwai finjalai uku na gilashi, da ƙullin koren ganyen shayi na ƙasar Sin, da ƙullin sukari. Duka suna shiga wata 'yar jakar fata. Ya ce da irin wannan jaka mahaifinsa ya ke bin ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Ya ce, "Ɗana, abin da ba ka iya ɗauka da hannun hagu, akalar raƙumi tana hannun dama, wannan kayan zama ne. Ka bar shi gida."

Na zuba ido ina kallo. Ganye ɗaya ya dafa sau uku, na fari da ɗaci, na biyu tsaka tsaki, na uku da zaƙi, kowane dahuwa yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa, yana juyawa daga wannan finjali zuwa wancan har kumfa ta taso. Abin ya ci fiye da awa guda, ruwan da aka sha kuwa duka bai cika kofina na tangaran sau biyu ba. Na tambaye shi, "Baba, kai kaɗai ne, me ya sa finjali uku?" Ya dube ni kamar na tambayi abin da ya sa akuya ta ke da ƙafa huɗu. Ya ce, "Ɗaya nawa, ɗaya na tada kumfa, ɗaya na wanda Allah ya kawo. Yau ga shi ya kawo ka."

A watan Janairu na 2024 na koma, sanyin hunturu ya kankama. Wannan karo 'yar butar alminiyam na saya, da kurfotin waya, da finjali uku, da ƙyalle fari mai tsabta don tacewa, da cokali. Na zaɓi alminiyam domin nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma yana ɗaukar zafi da sauri. Na hau tudun nan ban huta ba ko sau ɗaya. Don in tabbatar wa kaina, na aro sikelin awon jarirai daga ɗakin shan magani, muka mai da abin darasin lissafi. Yara suka auna tsofaffin kaya: risho giram 1,200, buta 700, fulas da tarkacensa 600, kwalbar sifirit 500, kofi da faranti 400. Kananzir ya ƙare, amma na gaya musu lita ɗaya wajen giram 800 ce, suka lissafa lita 4, suka ƙara 300 na galan, ya zama 3,500. Jimla 6,900. Sababbin kaya kuwa: buta 150, kurfoti 250, finjalai 150, ƙyalle da cokali 50, gawayin kwana biyu 300. Jimla 900. Wata yarinya ce ta fara ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kilo shida ka ɗauko a banza." Na ba ta maki cikakke, ko da ya ke ban tambaye ta ƙarshen maganar ba.

Na fara shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki da la'asar, in hura gawayi. Kwana biyu ba wanda ya tsaya. Rana ta uku mai masaukina ya zauna, ya sha, ya ce ya yi ɗaci, ya jira na biyu. Kafin mako ya zagayo mun zama biyar, ana wanke finjali ana miƙa wa na gaba. Abin mamaki, sukarin da na ke kashewa bai fi na da ba, gama finjali ƙarami ne, kuma ba a daɗe ba masu zuwa suka fara zuwa da nasu ƙullin. Wani ya kawo citta, wani ya kawo madarar shanu a kwalba. A tabarmar nan na fara tsintar Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a can. A nan ne kuma na gane cewa takardun da na aika ba wanda ya ƙi su: da Turanci na rubuta, yawancin iyayen kuwa ba mai karanta musu sai yaran da a ke ƙara a kansu.

Ɗaya daga cikin yaran nan tara ɗan wani makiyayi ne. Uban ya zo shan shayi sau huɗu kafin in ta da maganar. Ya ce ba ya ƙin makaranta, amma yaron ne ya ke riƙe maruƙa sa'ad da a ke tatsa, in kuwa ya makara bulala a ke yi masa a bakin ƙofa, shi ya sa ya gwammace kada ya zo sam. Na kai maganar gaban hedimasta, aka yarda yaron ya riƙa shiga aji bayan tatsa ba duka. Kafin in taso, shida daga cikin taran sun komo. Kada ku ce shayi magani ne na kome. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai wadda ubanta ya sha shayina ya fi sau goma, muka yi ta magana, har na taso ba ta komo ba. Har yanzu abin yana damuna.

Kada masu shan gahawa su ce na manta da su. Wani tsoho maƙwabcinmu yana da 'yan itatuwan gahawa a bayan gidansa, gama tana yi a sanyin Mambila. Ya ba ni busassun 'ya'yanta cike da gwangwanin madara. Muka soya a kasko har suka yi launin ƙasa mai duhu, muka daka a ɗan turmi, na ɗaure ƙyallena a bakin kofi, na zuba gari, na tsiyaya ruwan zafi a hankali. A nan tsayin dutse ya yi mini rana, domin gahawa ta fi son ruwan da bai kai digiri 100 ba, tsakanin 90 da 96, watau ruwan Mambila da ya tafasa ya yi mata daidai. Wannan dabara ta tacewa ba ta da nisa da ta wata matar aure Bajamushiya, Melitta Bentz, ta birnin Dresden, wadda a 1908 ta huda gindin wata 'yar tukunyar tagulla da ƙusa, ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace gahawa da ita. Daga nan takardar tace gahawa ta samo asali. Ku duba fa, kayan aji ne.

Da malaminmu ya komo duba ni karo na biyu, ya fito da wata 'yar buta mai kusurwa takwas daga jakarsa, irin wadda Alfonso Bialetti ya fitar a Italiya a 1933. Hawa uku gare ta: ruwa a ƙasa, garin gahawa a tsakiya, in ruwa ya yi zafi ƙarfin tururi ya tura shi sama ta cikin garin, ya taru a ɗakin bisa. Ta zauna daram a kan kurfotina. Ya kuma nuna mini a wayarsa hoton wani abu na roba mai kama da babban sirinji, AeroPress, wanda wani Ba'amurke, Alan Adler, ya fitar a 2005: a zuba gari da ruwan zafi, a danna da hannu, gahawa ta tsiyayo ta takarda. Ba nauyi, ba ya fashewa. Akwai kuma garin Nescafé, wanda aka fara sayarwa a Suwizalan a 1938, shi ba ya bukatar kome sai ruwan zafi da cokali. Duka dabaru ne masu kyau, wanda ya ke da hali ya saya. Abin da na lura kaɗai shi ne, yawancinsu an yi su ne don mutum ɗaya ko biyu, ga kuma takarda ko roba da in ta ƙare ba a samunta a kasuwar ƙauye. Ƙyallena kuwa wankewa a ke yi a shanya.

Akwai gargaɗi guda da ba zan rufe ba sai na yi shi, gama ya kusa cin raina. Wani dare sanyi ya yi tsanani, na shigo da kurfoti ɗaki da sauran garwashi, na rufe ƙofa da taga, na kwanta. Na farka da tsakar dare kaina kamar zai tsage, ina jiri, da ƙyar na ja jiki na buɗe ƙofa. Da safe ma'aikacin ɗakin shan magani ya yi mini faɗa kamar ƙaramin yaro. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, ya kan fid da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ta kan kashe mutum yana barci. Haka risho, haka murhun gas. A dafa a waje, ko a bar ƙofa a buɗe, kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki ko da sanyi zai kashe kare.

To, ƙannena, ga abin da zan ce muku a taƙaice. Kafin ku sayi murhu, ku tambayi abin da a ke hura wuta da shi a inda za ku, gama murhun da ba a samun abincinsa kaya ne kawai. Ku ɗauki buta ƙarama ta alminiyam, in fulas ne na ƙarfe. Kada man wuta ya kwana jaka ɗaya da abinci ko littafi. Ruwan rafi ku bar shi ya tafasa sosai minti guda cur kafin ku sa ganye. Ku tara kayanku duka, ku rataya, ku zaga filin ƙwallo sau biyar, abin da kafaɗarku ta ƙi ku ajiye shi. Ku rage nauyin kome, amma kada ku rage kofin baƙo, giram hamsin ne kacal.

Rishon kakana na sauko da shi, na goge shi da toka da lemun tsami har yana ƙyalli, na mayar wa mahaifiyata, yana nan bisa kabad inda ya dace da shi. Jakar shayina kuwa tana rataye a ɗakin kwananmu. Wanda ya ke so ya ga yadda a ke tada kumfa, ya same ni a gindin mangwaron bayan ɗakin karatu ranar Asabar da la'asar. Ban iya kamar Baba ba tukuna, rabin shayin a ƙasa ya ke zuba. Kowa dai ya zo da sukarinsa.